Baki Ɗaya, Addu'a Biyu

Wanda ya sauya addini yakan sauya abubuwa da yawa: ranar hutunsa, wurin ibadarsa, sunan da zai raɗa wa ɗansa, wani lokaci har da maƙabartar da za a kai shi. Abu guda ne ba ya tuɓewa ya ajiye a ƙofar sabon ɗakin ibada, wato harshen da ya sha a nono. Bahaushen da ya zama Kirista da Hausa zai ci gaba da yin mafarki, da ita zai tsawata wa yaro, da ita zai nemi ragi a kasuwa, da ita kuma zai roƙi Mahaliccinsa. Hausar nan kuwa ta shafe ɗaruruwan shekaru a zaurukan malamai, ta sha tawadar allo ta ƙoshi. Addu'a, imani, sadaka, lahira, alƙiyama, annabi, mala'ika, aljanna: da wuya ya ɗauko kalma don ya faɗi abin da ya gaskata bai tarar maƙwabcinsa Musulmi ya riga shi riƙe ta ba.

Ni Bahaushe ne ɗan Katolika, kuma ba gadon hakan na yi ba. An haife ni a wata unguwar Maguzawa a ƙasar Malumfashi, inda kakana ya rayu ya mutu yana yanka wa iskoki jan zakara kafin a fara shuka. Zuriyarsa ta rabu uku a kan idonsa. Wasu suka musulunta, wasu suka bi cocin ECWA, 'yan ƙalilan suka tsaya a kan abin da suka tarar. Ni sai da na mallaki hankalin kaina na shiga ajin katikis, aka yi mini baftisma. Aikin koyarwa ne ya kawo ni ƙasar Gumel, masarautar Mangawa da ta haɗa Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wadda ta daɗe tana kallon Barno tun kafin zuwan Turawa, Musulunci kuma ya yi kaka-gida a cikinta. Kiristocin nan ba su da yawa, galibinsu ma baƙi ne da aikin gwamnati ko kasuwanci ya kawo daga kudu. Idan na ce wa mutum ni Kirista ne, sai ya dube ni ya ce, "Ikon Allah! Amma ka iya Hausa." Nakan ce masa ai ba koyonta na yi ba.

Katolika ta daɗe tana ƙwanƙwasa ƙofar ƙasar Hausa. A 1711 wasu limaman ɗariƙar Faransiskan su biyu, da suka ratso Sahara daga Tarabulus, suka rasu a Katsina ba su kafa komai ba. Sai a ƙarni na ashirin abin ya samu gindin zama, a Sabon Garin manyan birane da farko, daga baya a ƙauyukan Maguzawa. Kano ta zama cikakkiyar dayosis a 1999, ita ce kuma ke kula da jihohin Kano da Jigawa. Katsina ta samu tata a 2023, aka naɗa mata Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya zama bishop ɗin Katolika. Amma ga mai tunani a kan kalmomi, shekarar da ta fi muhimmanci ita ce 1963, lokacin da babban taron bishop-bishop na biyu a Batikan ya buɗe ƙofar yin Misa da harsunan jama'a. Kafin nan da Latin ake yi, harshen da manomi ba ya ji, saboda haka babu abin da zai tayar masa da tambaya. Da aka koma Hausa, kowace kalma ta zo da danginta da tarihinta, dole mai ibada ya san da wa yake raba ta.

Ta farko ita ce Allah. Kakana ya san wannan suna tun kafin ya ga Fada ko fasto. Masanin nan Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da littafi a kansu a 1946, ya lura cewa sun yarda Allah ne sama da komai, sai dai ba sa yi masa yanka, domin a ganinsu ya yi nisa, iskoki ne ke kusa da gona da ɗakin haihuwa. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki ba su ƙirƙiro wani suna ba. J. F. Schön, wanda ya fara fitar da sassansa da Hausa daga 1857, a bakin Dorugu ya inganta Hausarsa, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram, can tsallaken iyakar Maigatari, da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, waɗanda suka kammala littafin gaba ɗaya a 1932, su ma Allah suka rubuta, kamar yadda Kiristocin Larabawa ke faɗa tun fil azal. A Malesiya sai da aka je kotu a kan wannan: gwamnati ta hana jaridar Katolika mai suna Herald amfani da sunan, wata kotu ta ba jaridar gaskiya a 2009, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2013. A nan kuwa, idan na raka baƙo tashar mota na ce, "Allah ya kiyaye hanya," direba da kwandasta da mai sayar da rake duk amin suke cewa, babu mai tambayata takardar izini.

Ta biyu ta fi ba ni sha'awa, domin ba daga Larabci ta zo ba. Ubangiji kalmar cikin gida ce, 'yar'uwar ubangida da uwargijiya, asalinta mai gida, mai mallaka, wanda ake kwana a ƙarƙashin inuwarsa. Bahaushe da ya so ya ambaci Mai Sama da harshen kansa, tsakar gida ya duba, ya ga mutumin da ke buɗe rumbu ya auna wa iyali hatsi, shi ake kai wa ƙara, shi ke rufe ƙofar zaure da dare. Liman ya ɗauki kalmar ya sa a tafsiri, mai fassarar Zabura ya ɗauke ta ya sa a waƙoƙin Dauda, babu wanda ya ara daga wani, dukansu a gidan kaka suka same ta. Tana kuma da wani nauyi da maigida ba ya iya kauce masa. Ɗana zai fara fahimtar Ubangiji ne daga abin da ya gani a wurin uban gidan da ya sani. In ya ga mai rowa da saurin hannu, malamin katikis zai sha wahala kafin ya gyara masa ma'anar.

Kada a ɗauka ina cewa tarayya a kalma tarayya ce a aƙida. Duk wanda ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya bar layin raƙuma da shanu ya gangara wajen 'yan hatsi, zai ga tiya ɗaya ake auna gero da ita, a auna riɗi, a auna wake. Tiyar ta sa mai saye daga Damagaram da mai sayarwa daga Gagarawa sun fahimci juna, amma ba ta mai da gero riɗi ba. Haka kalma take. Ni da maƙwabcina mukan ce Almasihu, mukan ce Ruhu, mukan ce Kalmar Allah, littattafanmu duka biyu sun danganta wannan laƙabi na ƙarshe ga ɗan Maryamu, amma abin da kowa ya zuba a ciki daban ne. Shi yana ganin annabi mai girma, bawan Allah, wanda ba a gicciye ba. Ni ina ganin wanda aka gicciye ya tashi, ina kuma kiransa da sunan da kunnen maƙwabcina ba ya iya ɗauka. Shi ya ce Annabi Isa, ni in ce Yesu. Wanda ya shafe wannan bambanci don a zauna lafiya ya yaudari mutum biyu a lokaci guda. Amfanin kalmar da muke tarayya a kanta shi ne tana sa mu san daidai inda muka rabu, maimakon kowa ya riƙa faɗa da abin da ya zata ɗan'uwansa ya ce.

Kalmar da ta fi bin mutum irina ita ce tuba. A bakin mutanen garinmu, idan aka ce Bamaguje ya tuba, musulunta ake nufi, tubabbe kuwa shi ne sabon shiga. A coci ma haka ake faɗa, ta ɗaya fuskar. Saboda haka a gidan kakana an yi tuba iri biyu, kowane ɓangare yana kallon ɗayan a matsayin wanda ya tashi daga ɓata ya faɗa wata. Gwaggona, wadda ta musulunta tun tana amarya, har gobe idan na je gaishe ta takan riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, ina nan ina roƙa maka shiriya." Nakan ce, "Na gode, Gwaggo, kada ki daina." Ba ba'a nake yi ba. Na san shiriyar da take nufi, ita ma ta san na sani. Amma tsohuwar da ta tashi cikin sanyin asuba ta ambaci sunana a gaban Allah ta ba ni abin da ya fi kuɗi, sauran kuma na Mai shiryarwa ne.

Abin da zama a cikin Katolika ya ƙara mini game da tuba shi ne ba rana ɗaya ba ce. Mutane suna son labarin tubabbe: me ka gani, wa ya yi maka wa'azi, wace rana ce? Suna son a nuna musu ƙofa, a ce nan aka shiga. Asalin kalmar a Larabci komawa ne, komawa kuwa ba ta ƙarewa muddin ƙafa tana kaucewa. Kowace Misa da amsa laifi take farawa, Fada da jama'a gaba ɗaya, wanda aka yi wa baftisma yana jariri da wanda aka yi wa da furfura. Ta wannan fuska babu ɗan gado a addini. Wanda ya tuba shekarun baya bai fi kowa labari ba, aikin da ke gabansa yau shi ne na kowa: ya haɗiye fushi, ya biya bashi, ya cika awo, ya koma ya gaida wanda suka saɓa.

A 2025 azuminmu ya haɗu da na Musulmi. An ɗauki Ramadan ranar 1 ga Maris, mu kuma muka shafa toka a goshi ranar Laraba 5 ga wata, muka shiga kwana arba'in na shirin Ista. Zafin bazara ya fara sauka a ƙasar Gumel, irin wanda ke busar da leɓe tun hantsi. Maƙwabcina, malamin makarantar allo, ya gan ni da kofin ruwa da rana, ya yi dariya ya ce, "Malam, wane irin azumi ne wannan da ake shan ruwa tun ba a kira magariba ba?" Na ce, "Allah gafarta Malam, namu na ragewa ne, naku na kamewa." Na bayyana masa cewa a Larabar toka da Juma'ar tunawa da gicciye cikakken abinci sau ɗaya ake ci, a bar nama duk Juma'o'in lokacin, sauran kuma kowa ya zaɓi abin da ransa ke so ya hana shi, ya ba mabukaci abin da ya rage. Ya jinjina kai ya ce, "To, kowa da kiwon da ya karɓe shi." A tsibirin Malta, inda galibin mutane 'yan Katolika ne, Alla suke kiran Mahalicci, azumin kwana arba'in kuma Randan suke ce masa, sunan da ya samo asali daga Ramadan. Tarihi ya bar musu kalmomin, su kuma suka zuba nasu a ciki.

Da magariba sai ga almajirinsa da kwanon kunu da ƙosai, haka kuma har watan ya ƙare. Mu ma idan Kirsimeti ta zo, uwargida ba ta yarda in taɓa wuƙa. "Baban yara, a kira mahauci ya yanka," in ji ta, "so kake a dawo mana da kwanonmu?" Ta fi ni sanin fiƙihun maƙwabtaka. Ta gane cewa abincin da aka aika wa mutum alhali an san ba zai iya ci ba, ba kyauta ba ce, neman magana ne. Duk bayanin da na yi wa Malam a kan azumi bai kai kwanukan nan biyu isar da saƙo ba, nasa da namu, masu ƙetare katanga da azumi da Kirsimeti.

Karatu ne ya kai ni Katolika, shi ya sa nake yawan komawa ga Waliyyi Agustin, wanda bishop ɗinmu na Kano, John Namaza Niyiring, ɗan ɗariƙarsa ne. Agustin mutumin Afirka ne, an haife shi a 354 a garin da yanzu ake kira Suk Aharas a Aljeriya. Gidansu ma rabe yake: uwarsa Monika Kirista ce, ubansa bai karɓi baftisma ba sai dab da mutuwarsa. Ya yi yawon neman gaskiya a mazhabobi har ya kai shekara talatin da ɗaya, sa'an nan a wani lambu a birnin Milan, a 386, ya ji muryar yaro tana rera a ɗauka a karanta, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, abin da ya daɗe yana ja da shi ya sake shi. Aka yi masa baftisma a Istar 387, tare da ɗansa Adeyodatus. Ya rasu a 430 yana bishop ɗin Hippo, wato Annaba ta yau. A littafin da ya ba da labarin tubarsa ya faɗi yadda ya yi mamakin ganin Bishop Amburos yana karatu da ido kawai, leɓensa ba ya motsi. Bahaushe zai gane wannan mamaki. A wurinmu karatu abu ne da ake ji: almajirai kewaye da wuta, mai tafsiri da mai jan baki, Magana Jari Ce a bakin yaro ɗan firamare tsofaffi suna saurare. Karatun zuci baƙo ne, kuma mai yinsa yakan zama shi kaɗai ko da yana cikin mutane.

Haɗarin tubabbe mai son littafi ke nan. Yana iya shigewa ɗaki da Agustin da tarihin ikkilisiya, ya fito yana jin ya fi matarsa da 'ya'yansa fahimta, alhali ita ce ta tashi da asuba ta ja carbin rosari kafin ta hura wuta. Shi ya sa muka mai da karatun dare na kowa. Bayan tuwo akan shimfiɗa tabarma, a ɗauko fassarar 1979, bugun da ya haɗa da littattafan Afokirifa irin su Tobit da Sirak waɗanda Katolika ke karantawa, yaro ɗaya ya karanta da ƙarfi, saura su gyara masa. A nan ake gane wace jimla ce Hausa, wace ce ta sa rigar Hausa kawai. Inda fassara ta zauna daidai, uwargida takan ce, "Haka ne." Inda ta yi tauri, sai ƙaramar 'yarmu ta ce, "Baba, me ake nufi?" Sau da yawa amsar ba ta cikin ƙamus, ko na Bargery na 1934, ko wanda Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. In an tambayi ma'anar alheri, sai a tuna wa yarinya ranar da mai shago ya bar musu sabulu bashi bai rubuta ba.

Agustin ya riga ni zuwa nan. Wajen 389 ya rubuta wata tattaunawa tsakaninsa da ɗan nasa, saurayi ɗan shekara goma sha shida, a kan abin da magana take yi. Inda suka tsaya shi ne kalma ba ta zuba ilimi a kan mutum. Tana nuni ne kawai, tana cewa duba can. In mai sauraro bai taɓa ganin abin ba, ƙara ce ya ji, in kuwa ya gane, to wani Malami ne daga ciki ya buɗe masa. Yaron bai daɗe ba ya rasu, uban ya riƙe littafin. Wannan ra'ayi yana sauke wa uba girman kai, yana kuma ɗora masa aiki. Ba zan iya cusa wa 'ya'yana bangaskiya da yawan bayani ba. Abin da zan iya shi ne in sa idan suka ji kalmar gafara, ko aminci, ko jinƙai, akwai wani abu a tsakar gidanmu da kalmar za ta nuna.

A nan ne Katolika ta yi karo da wata ɗabi'a tamu mai kyau, wato kunya. Mu mutane ne da ke girmama abu ta hanyar ƙin ambatonsa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, ƙauna kuwa a tuwo ake ganinta, ba a baki ba. Sai ga addini yana cewa ka durƙusa a gaban Fada, wanda wataƙila ka girme shi, ka kira laifinka da sunansa, ba habaici, ba karin magana. Ikirari ke nan, kuma yana da wuya ga mai rawani da mai hula. Amma yana koya wa mutum bambancin jimloli biyu da muke ɗauka ɗaya ne. Idan maigida ya ɓata wa iyalinsa yakan ce, "Ki yi haƙuri." A duba da kyau: umarni ne, an ɗora wa wadda aka ɓata wa sabon aiki, mai laifi bai sauke komai ba. "Ki yafe mini" kuwa roƙo ne, mai faɗarsa ya miƙa wuya, ya yarda ana iya ce masa a'a. Maza da yawa sun tsufa sun mutu ba su taɓa furta ta biyun a cikin gidansu ba. Wanda ya saba faɗarta a gaban Allah ta bakin Fada ba shi da hujjar ƙin faɗarta a ƙofar ɗakin girki.

Kunyar kuma tana da nata hakki, domin magana zarar bunu ce. A Janairun 2015 wata jarida a Faransa ta buga zanen ɓatanci, aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, mutanen da ba su san da zanen ba, ba su kuma yarda da shi ba, su suka biya. Wanda ke zaune a bakin wannan iyaka ya san nisan da ke tsakanin kalma da gobara bai kai tafiyar yini ba. Tun 1965 Katolika ta rubuta a takardar taron Batikan cewa tana duban Musulmi da girmamawa, a 1982 kuma Fafaroma John Paul na Biyu ya zo har Kaduna da wannan saƙo. Sai dai takarda ba ta zama a unguwa, mutum ne ke zama. Na koya wa 'ya'yana kada su ɓoye abin da suka gaskata in an tambaye su, kada kuma su taɓa abin da wani ke girmamawa da wasa. Tubabbe yakan zo da zafin sabon shiga, yana jin sai ya rushe gidan da ya baro kafin nasa ya tsaya. Ba haka ba ne. Wanda ya tabbata da inda yake ba ya bukatar zagin inda ba ya.

Inda kalmomin tarayya suka fi yin aiki shi ne wurin suna da wurin makoki. Idan aka yi rasuwa a danginmu, tabarma ɗaya ake shimfiɗawa, mai carbi da mai rosari da ɗan ECWA su jeru, masu gaisuwa suna shigowa: "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da dangana." Kowa ya amsa da amin, kowa da abin da zuciyarsa ta hango game da lahira. Da a ce kowane ɓangare ya ƙirƙiro nasa kalmomin ta'aziyya, da tuni tabarmar ta rabu. Haka wajen raɗa suna. Ibrahim, Yusufu, Dauda, Iliya, Maryamu, Hannatu, Saratu: sunaye ne da Fada zai karɓa a wurin baftisma, Gwaggo kuma ta iya kira ba tare da harshenta ya sarƙe ba. Da gangan muka zaɓa wa yaranmu daga cikinsu. Zumunta a ƙafa take, amma sai an san sunan wanda za a yi wa sallama.

Akwai masu ganin mafita ita ce Kirista Bahaushe ya gina tasa Hausar, ya kauce wa duk kalmar da ke da ƙanshin zaure, ya cike gurbin da Turanci. Akwai kuma masu ganin duk Kiristan da ya ce insha Allahu ko alhamdu lillahi sojan gona ne. Dukansu sun ɗauka harshe gonar wani ce da aka kewaye da shinge. Hausa ta girmi wannan gardama. Matan Zumunta da ke kaɗa tulu suna waƙa ranar Lahadi, da mai wa'azin da ke tsaye a bakin kasuwar Sule Tankarkar, da kakana mai jan zakara, duk 'ya'yanta ne, kuma ba ta kori kowa ba. Abin da ya rage mana, mu 'yan Katolika masu jin Hausa, shi ne mu daina zama baƙi a cikinta. Littattafanmu da Hausa ba su da yawa, kaɗan ɗin ma galibi fassara ce. Muna bukatar masu rubuta tunaninsu kai tsaye da harshen da suke tunanin da shi, Hausar da malamin allo zai karanta ya ce ban yarda da shi ba, amma na ji abin da ya ce. Gardamar aƙida Allah ne zai raba ta a ranar da ya so. Kafin nan, hakkin da ke wuyan kowane mai magana, a masallaci yake ko a coci, shi ne idan ya ce amana ya riƙe ta, idan ya ce gafara ya yi ta, idan ya ce wa maƙwabcinsa Allah ya ba da lafiya ya bi shi da magani.